Ban Taɓa Cewa Wash Ba

Jaririna ya sake damƙar nonona da ya tsattsage, na saki ƙara a gaban likita.

"Raki ne kawai," in ji surukata. "Da nake shayar da ubansa, ban taɓa cewa wash ba."

Likita ta ɗaga harshen yaron. "Linzami ne ya ɗaure harshen, shi ya sa yake cizo maimakon tsotso. Za mu yanke. Yakan bi jini. Baban yaro, zaro naka."

Harshen mijina ya kasa wuce leɓe.

Likita ta juya wajen surukata. "Mama, ya kuka yi da wannan?"

Surukata ta sunkuyar da kai. "Ƙanwata ce ta shayar da shi. Ni ina gefe ina ba ta haƙuri."