Kibiyar da ke Kusurwar Taswira

Tunda kin ce kunya ke hana ki buɗe baki a wurin taro ki ce ba ki gane ba, bari in ba ki wani misali.

A wata unguwa ta bayan gari, fili ɗaya ne ya rage ba a gina ba, da tsamiya a gefensa da wata tsohuwar rijiya. Dattawa suna son masallacin Juma'a a wurin, domin nasu ya yi kaɗan har sahu na fita kan kwalta. Samari kuwa nan suke buga ƙwallo tun suna yara, mata kuma suna son rumfa da lilo inda ƙanana za su yi wasa nesa da babura. Hukuma ta turo ma'aikacin safiyo ya auna, ya zana taswirar da ta ba kowa rabonsa: masallaci a ƙasan takarda, filin ƙwallo a samansa, rumfa da lilo a gefe. Ya miƙa wa mai unguwa, ya ce in ba a sa hannu kafin damina ba, za a mai da wurin tashar mota, kowa ya rasa. A kusurwar takardar akwai wata 'yar kibiya mai nuni sama, da harafin boko ɗaya a kanta. Wani tsohon masinja, wanda ya shekara talatin yana ɗaukar fayil a ofis har ake masa kallon masanin takarda, ya gyara tabarau ya ce ai wannan alƙibla ce aka nuna. To, in haka ne, liman zai ta da kabbara ke nan ragar ƙwallo na gabansa. Na'ibi ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin inda aka yi sujada ana fuskantar gola da gajeren wando ba. Mai unguwa ya naɗe takarda ya kulle a akwati. Samari ba su ga taswirar ba, labari kawai suka ji, amma suka ɗau zafi, suka ce ai ba lokacin salla suke wasa ba, dabara ce ta cinye musu fili. Shi ke nan aka ja daga. Dattawa su kafa turaku da safe, samari su tumɓuke da la'asar su yi ragar gola da su. Yaro ya durƙusa har ƙasa ya gaida mahaifinsa, ya fita ya cire turken da mahaifin ya kafa. Sau uku ana zama a zauren mai unguwa ana tashi baram-baram, ga hadari ya fara haɗuwa.

Zama na huɗu a filin aka yi shi da hantsi, domin ma'aikacin safiyo ya dawo karɓar amsa, ko a'a ko i. Akwai wata dattijuwa da ke suyar ƙosai a gindin tsamiyar. Ta kawo wa mai unguwa nasa a takarda, ta tsaya tana leƙen taswira ta bayan kafaɗun maza, can ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. A jikin takardar nan, ta ina rana take fitowa?" Masinja ya yi tsaki ya ce, "Iya, koma kan kaskonki kada mai ya ƙone." Ta ce, "Mai ya saba jira, Malam. Shekara ashirin rana na dukan idona ta bayan rijiyar can. Ku nuna mini rijiyar a nan, ni kuma in nuna muku gabas." Ma'aikacin safiyo ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya yi ta juya ta har rijiyar zane ta dubi rijiyar gaske, tsamiya ta dubi tsamiya, ya danne kusurwa huɗu da duwatsu. Sai ga kibiya ta miƙe tana nuna hanyar kasuwar shanu, wadda ko akuyar unguwar ta san arewa ce. Filin ƙwallo ya koma hagun liman. A gabansa babu komai sai katanga da rijiya, wadda dama ana son ta domin alwala. Liman ne ya fara dariya, ya rufe baki da gefen rawani, sai wuri ya ɓarke. Masinja ya cire tabarau yana gogewa, ya ce dama gilashin nan ya daɗe yana cutarsa. Shugaban samari ya sosa ƙeya ya ce tun a firamare aka koya masa harafin nan na arewa, bai dai taɓa cewa a nuna masa takardar ba. Ma'aikacin safiyo kuma ya ce wata biyu yana zaune a ofis, babu wanda ya taka ya tambaye shi.

Kafin ƙosai ya huce an sa hannu. Samari ne suka yi dakon bulon masallaci, aka kuma yi sharaɗi cewa da zarar ladan ya ce Allahu Akbar alƙalin wasa zai hura usur a tsai da wasa. Yanzu da la'asar na'ibi kan zauna a rumfa da carbi a hannu, ya ce iska yake sha, amma in aka zubar da ƙwallo a gaban raga shi ne farkon mai salati.

Maza fiye da ɗari, cikinsu har da masu digiri, saura kaɗan su yi asarar masallaci da fili a kan tambayar da kowa ya ga ya fi ƙarfin yi. Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.