Ladanin da Ya Raina Mai Kemis

Tunda ka ce ba za ka saurari mai kemis ɗin unguwa ba sai likitan birni, zauna in ba ka misali, ko da yake bakina ya gaji da maimaita shi.

Wani ladani ne, shekara talatin yana kiran salla, sai asma ta kama shi. Duk wata uku yakan hau mota zuwa asibitin birni, ya wuni a layi, likita ya duba shi a gurguje ya rubuta masa abin shaƙa, ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki. A kemis ɗin bakin masallaci yake saye, wurin 'yar maƙwabcinsa da ta karanci harkar magani. Kullum takan ce, "Baba, fesa in ga yadda kake yi." Shi kuwa sai ya ce, "Ke da aka raɗa miki suna a gabana? Miƙo mini, ki bar wa likita aikinsa." Haka aka kwashe shekara huɗu. Numfashi yana ta raguwa, har ya zama sai ya yanke kiran salla a tsakiya ya yi tari, lasifika na kai tarin gida-gida. Jama'a suka gaji, shi ma ya gaji. Liman ya ja shi gefe ya ba shi haƙuri, aka naɗa wani.

Ran nan ƙirji ya riƙe shi a ƙofar kemis ɗin, dole ya fesa a gabanta. Ashe a kan harshe yake fesawa, ya haɗiye da yawu, ya furzar da iska. Maganin shekara huɗu bai taɓa isa huhu ba. Nan take ta nuna masa: ya girgiza gwangwanin, ya fitar da numfashi, ya fesa yana ja a hankali, ya riƙe har ya ƙirga goma. Ba a yi wata biyu ba ƙirji ya buɗe. Amma sabon ladani ya riga ya zauna daram, kuma ba a tsige mutum babu laifi. Yanzu ga numfashin ya dawo, sau biyar a rana yana zaune a sahu, leɓensa na bin kiran wani. Har yau in na gan shi tausayi ke kama ni.

Gaskiyar Hausawa da suka ce: ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.