Shanun da Ƙafafunsu ke Sama

Kai da kake cewa mutanen dā wahalar da kansu kawai suka iya, saurara ka ji. Wani falke ne ya taso daga Bilma shi da ƙanensa, da raƙuma ɗauke da gishiri. Da rana ta take, suka gangara wani kwazazzabo mai zurfi a tsakiyar hamada, suka sauke kaya a inuwa, suka yi wa raƙuma dabaibayi. Ƙanen ya kishingiɗa, barci ya kwashe shi. Falken ya ɗaga kai, sai ya hango waɗansu ɗakuna na laka manne a jikin dutse can sama, kamar gidan zanzaro. Ya yi dariya. Ga fili ga yashi mai laushi a ƙasa, wane marar tunani ne zai kai iyalinsa can? Son gani ya ja shi, ya bi ramukan taka ƙafa da suka sule don tsufa, har ya shiga.

Ciki tsit, ko tsuntsu babu. Ga dutsen niƙa da ɗansa a kai, kamar mai niƙan ta fita ne yanzu za ta dawo. A bango an zana shanu da raƙuman dawa da mata ɗauke da ƙorai, duk da jar ƙasa. A ƙasansu kuwa layuka ne masu lanƙwasa, cikinsu shanu ƙafafu sama, mutane kai ƙasa. Kuma ba hannu ɗaya ya yi ba, wani zanen ya koɗe, wani a kansa aka ɗora. Sai wata iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigon girgije babu a sama. Daga can saman kwazazzabon ya ji wani gurnani yana matsowa.

Ya leƙo ya kwarma ihu: "Tashi! Bar kayan, hawo!" Ƙanen ya zabura ya kama dutse, bai kai rabi ba ruwa ya iso, ja wur, da itatuwa da duwatsu, ruwan da aka yi a wata ƙasa mai nisa. Raƙuma suna ɗaure, ba halin gudu. Daga ƙofar ɗakin mutanen dā su biyu suka zauna suna kallon dabbobinsu na wucewa, ƙafafu sama. Falken bai sake yi wa ginin kowa dariya ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, ruwa ba ya tsami banza.