Ranar da Mahauta Suka Hau Dutsen Febe Don Ƙafar Lado

Lado mai tsire ya taka garwashi a bakin tukubarsa, bai ji zafi ba. Sai da ya koma gida matarsa Tasalla ta ga babban yatsansa na hagu ya ƙone.

Ku mutanen unguwar Briketeri kun san Lado. A gabansa 'yan unguwannin Cité Verte da Madagascar ke tsayar da moto suna kiran "soya, soya", wato tsire. Ni Mu'azu na san shi tun yana goye. Ban taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba, amma kwalara ta kwantar da ni na tashi, babbar mota ta kife da ni a hanyar Garwa na fito da ƙafata. In na ba ku labari, ku kasa kunne.

Tasalla ta ce, "Baban Alim, wuta ta ci ka ba ka sani ba? Wannan ba lafiya ba. Mu je lopital likita ya duba ka."

Ya ce, "Rufa mini asiri. Wa zai sayi nama a hannun mai gyambo?"

Ya barbaɗa toka, ya ɗaure da tsumma, ya sa safa, ya koma bakin wuta. Ashe ciwon suga ne a jikinsa, shi ya kashe masa jin zafi. Miki ya yi ta ci a ɓoye.

Da wari ya fara fita, Tasalla ta yafa mayafi ta tafi wurin Alhaji Sali, sarkin fawa. Mahautanmu suna da asusu, kowa yana zubawa ran Juma'a. Amma tun kakanni asusun na mutuwa ne: likkafani, kabari, abincin zaman makoki.

Alhaji ya ce, "'Yata, kuɗin nan amana ne. Ba a taɓa su sai an yi rashi."

Ta ce, "To Alhaji, in koma in jira ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, haka ya gada.

Kafin ta sayar da keken ɗinkinta ta kai mijinta asibiti, aikin gama ya gama. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Dakta ya ce ta daman ma ta fara, in ba a samu magani da wanki da dogon hutu ba, za ta bi 'yar'uwarta.

Wata rana bayan la'asar muna majalisa, na ce wa samari a zamaninmu ba mu san gajiya ba, ko yau ina iya hawa Dutsen Febe da tiren nama a kai.

Alhaji Sali abokin wasana ne. Ya ce, "Kai tsohon nan! Matakalar masallaci ma sai ka huta. In ka hau, na ba ka rago."

Tasalla za ta wuce da kwanon abincin asibiti. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Alhaji, in Baba ya hau, a ba Baban Alim ragon."

Na ce, "Na ɗauka."

Kafin magariba zance ya zaga unguwa. Mahauta suka ce ba za su bar tsoho ya kunyata su ba, kowa zai ɗauki tirensa. Kowane mai hawa ya nemi masu tsaya masa, in ya kai ƙoli su ba da abin da suka yi alkawari. Wasu suka ce caca ce. Liman ya ce a'a, mai hawa ba ya cin ko sisi, sadaka ce da gumi. Teloli suka tsaya mana, masu atamfa suka tsaya mana. Wata madam daga unguwar Elig-Edzoa mai sayen tsiren Lado ta ce mini, "Papa, za ka faɗi fa!" Ta faɗa, ta kuma yi alkawari mafi tsoka.

Ran Lahadi da sassafe muka bi ta unguwar Tsinga, tire a kai, mata suna guɗa. Manyan ma'aikata masu motsa jiki a dutsen suka tsaya kallonmu, wasu suka sa hannu a aljihu. Gwiwoyina sun yi mini magana, ban amsa musu ba. Samari suna zubewa a gefen hanya, ni ina tafe. Can na ji haki a bayana. Alhaji Sali ne, da nasa tiren.

"Mu'azu, jira ni mana!"

"Ajiye numfashinka, ka tanadi ragona!"

Na kai ƙoli, shi ma ya kai. Alhamdu lillahi.

Abin da aka tara ya biya maganin Lado har ƙafar dama ta warke. Da ragowar aka sayi na'urar gwajin suga, wata nas tana auna jama'a a ƙofar masallaci bayan Juma'a. An samu ciwon a jikin mutanen da suke rantsuwa lafiyarsu ƙalau, har da Alhaji Sali.

Da muka je duba Lado, ya riƙe hannuna yana hawaye. Ya ce, "Baba, me zan ce muku?"

Na ce, "Gode wa Allah, ka gode wa matarka. Mu kuma a ƙara mana yaji."

Yau yana gasa tsirensa a zaune, sanduna jingine da bango. Allah ya saka wa duk wanda ya tsaya mana da alheri. Amma da mun hau dutsen nan da wuri, da Lado yana tsaye da ƙafa biyu.

Jama'a, kada kunya ta sa ku ɓoye miki. Ku taimaki ɗan'uwanku tun yana iya ce muku na gode.