Gindin Lalle

Tun da hukuma ta ce ƙasa ta gaji, aka hana taka ta, gidaje suka koma na katako a kan ƙafafu. Nawa ma jikoki suka sa aka rushe aka zana sabo, ɗakuna a kewaye, lambu a tsakiya cikin gilashi. Tsakar gidan da na shekara hamsin ina daka da shanya, yau sai leƙe.

Da hantsi na sa aka kira Nafi'u mai zanen, wanda autana ma ya girme shi.

Na ce, “Kai, ina lallena da ke kusurwar gabas?”

Ya ce, “Iya Tabawa, bai dace da tsarin ba. Ga furanni nan, har kyauta muka ci.”

“Ku ci kanku! A gindinsa muka binne ɗiyata ta fari, kwananta tara a duniya. Kullum asuba nan nake tsugunawa in yi mata addu'a. Ka mayar min da lallena, ka yanka min ƙofa a gilashin nan.”

Ya shafa allon hannunsa ya ce, “Taswira ba ta nuna kowa a wurin ba.”

“Taswirar ce ta haife ta?”

Na ɗauko taɓaryata da suka jingine don ado, na maka wa gilashin sau ɗaya, ya tarwatse. Duk gidan ya ɗauki ƙara. Na cire takalmi na sauka.

Ƙasar da ɗuminta, kamar jiya na bar ta.