Gwiwar Hannu a Bayan Baba Lauje

Sai da gwiwar hannun ta nutse masa a bayan cinya sannan Baba Lauje ya gane an yaudare shi. Tausa aka ce masa. Shi kuwa tausar da ya sani, a shafa mai, a murza, mutum ya yi gyangyaɗi. Wannan ji ya yi kamar ana raba naman jikinsa da ƙashi da cokali.

Mai gyaran agogo ne. Rabin rayuwarsa a sunkuye ya yi ta kan tebur, gilashi manne a ido ɗaya, har bayansa ya lanƙwashe, maƙwabtan shago suka laƙaba masa Lauje. Sunan bai dame shi ba. Hannun dama ne ya tayar masa da hankali, don ya fara sagewa, ƙananan kusoshi suna suɓuce masa, ya wuni yana rarrafe a ƙarƙashin tebur. Ranar da ya watsar da kayan cikin agogon wani tsohon abokin ciniki, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ce ta san wani wuri a saman kantin magani, har ta kama masa lokaci.

Mai gyaran jikin matashi ne mai faɗin kafaɗa, ga ladabi har ya yi yawa. Da Baba ya tuɓe, daga shi sai gajeren wando, sai matashin ya juya ya fuskanci bango yana zufa. Daga baya ya sa shi ya yi ta kai da kawowa a ɗakin, idonsa na kan ƙafafu kawai. Ya bayyana masa cewa akwai wani tantani da ya naɗe naman mutum tun daga tafin ƙafa har ƙeya, kamar zanin gado, in ya tattare a gefe guda sai ya janyo sauran. Ba wuri ɗaya za a gyara ba, kowane zuwa da inda za a taɓa. Ya ƙara da cewa Baba ya daina kwanciya a kan hannun dama yana sauraron rediyo.

Mamaki ya kama Baba Lauje. Ashe har wannan ma jikin mutum yana tonawa.

Gadon aikin yana da rami inda ake sa fuska, kuma wanda fuskarsa ke cikin rami ba ya jin kunyar kowa. Tunda jiki ya riga ya tona asiri, Baba ya saki baki. Ya faɗa wa daɓen ɗakin cewa gemunsa rini ne. Ya faɗi inda yake ɓoye alewar da likita ya hana shi. Ya ce duk cika-bakin da yake yi a shago, in matarsa ta yi gyaran murya cikinsa ɗurar ruwa yake. Ranar da aka danna masa ciki, wata iska ta kuɓuce mai dogon zango, su biyun suka haɗu suka ɗora wa gadon laifi.

Ranar haƙarƙari kuwa kuka ya yi, da majina. Cikin kukan ya kawo zancen wani gaula da ke bin Auta. Bai taɓa ganinsa ba, ko sunansa ya hana a ambata a gabansa. Duk sanda aka ce zai zo gaisuwa, sai ya shige banɗaki ya ce a ce ya yi tafiya. Ba wai yaron ya yi masa wani abu ba. Kawai dai duk gidan Auta ce kaɗai ke dariya in ya ba da labari, in ta tafi wa zai yi wa?

Hannun da ke bayansa ya tsaya cak.

"Ja numfashi, Baba," in ji mai gyara, da wata 'yar siririyar murya.

Sannu a hankali abu ya fara kyau. Baba ya soma jin dugadugansa biyu a ƙasa daidai wa daida. Ya gano akwai allon talla a saman shagon da ke kallon nasa, wanda aka kafa tun Auta na goye. Yatsu suka farka, kusoshi suka daina gudu. Cikin masu kiransa Lauje, ɗaya ya ce ko a koma kiransa Taɓarya.

Mutum in ya miƙe, zuciya ma takan yi taushi. Matarsa ta ga dama ta samu, ta sake tayar da maganar, ya ce to, yaron ya zo. A zuwan Baba na ƙarshe wurin gyaran jiki ma, fuska a rami, sai da ya karanta wa mai gyara tambayoyin da ya tanada don ya kunyata gaulan, da irin hararar da zai yi masa, har ya ɗago ya gwada hararar. Mai gyara ya ce ta yi kyau.

Ranar ta zo. Baba ya sabunta rini, ya sa rigarsa mafi tsada, ya hakimce a babbar kujera yana ƙamshi. Auta ta leƙo ta ce baƙon ya iso, ta fice da sauri tana toshe baki da mayafi. Aka yi sallama, wani ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Baba ya ƙyale shi ya daɗe a haka, ya kishingiɗa irin na manya, sannan ya ce ya ɗago a ga fuskar da ke son raba shi da 'yarsa.

Mai gyara ya ɗago yana zufa, ya dubi surukin nasa daga ƙugu zuwa wuya, ya ce a hankali, "Baba, a gafarce ni, wannan zaman zai ɓata mana aiki."