Motar Droum

Da ƙyar Rabi'u, baƙo daga Kano, ya gano tashar motocin Droum, bayan ɗan kabu-kabu ya yi ta yawo da shi a cikin Damagaram. Yana leƙa motar ya hango budurwarsa Fanta a kujerar baya, da jakar littattafan lakwal, wato makarantar da take koyarwa, a cinyarta. Ya kutsa ya zauna kusa da ita.

Ta kalle shi sau ɗaya, ta janye gefen mayafinta.

"Wa ya gaya maka inda nake?"

"Fanta, ƙasa na tsallako saboda ke. Na zo ne in ga Baba, a sa mana rana."

"Baba?" ta ce. "Ranar da ya rasu na kira ka har wayata ta mutu, ba ka ɗauka ba. Tun yana kwance na ce ka zo, cewa ka yi ba ka san hanyar Nijar ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ban san jikin ya kai haka ba."

"Yau da ka ga dama ai ka san hanyar."

Direba ya tayar da mota. Fanta ta buga ƙofa da tafin hannu.

"Direba, dakata. Wannan baƙo ne, ya yi ɓatan kai. Ku nuna masa motar Kano."

Rabi'u ya sauka. Sai da suka fita daga gari Fanta ta bar hawayen suka zubo.